Zinaren Gindin Ɓaure

A ƙauyenmu, duk wanda ya kafa diga a filinsa addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa ya tarar da ƙasa zalla. Ba ma son tulu, ba ma son kasko, ba ma son ƙashin kowa. Mutanen da sun cika ƙasar Argos da kaburbura da fasassun tukwane, sun tafi abinsu sun bar mu da jidali. Da zarar ofishin kayan tarihi ya ji an tono wani abu, sai su zo da jan zare su zagaye wurin, su ce a dakata sai sun duba. Wannan dubawar ce ta cinye filin ɗan kawunmu Zisis. Ya fara haƙa da baƙin gashinsa, yanzu furfura ta gama da shi, ramin kuwa yana nan da rufin kwano, awaki na kwana a ciki.

Shi ya sa ranar da yayana Lambros ya faɗo gida da hantsi, ya tura ƙofa har da sakata, ya yafito ni zuwa kicin, na san ba alheri ya kawo shi ba.

Lambros ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar taya a Jamus, ya dawo da ciwon baya da buri guda ɗaya: ya gina wa 'yarsa Lemoniya gida a gonar zaitun ta Inna. Yarinyar tana da tsohon ciki, tana zaune da mijinta a ɗaki ɗaya a gidan surukai, inda ko atishawa ta yi sai an ji a falo. So yake a yi rufi kafin ruwan hunturu, wanda shi ne daminarmu, ya sauko, jikansa ya buɗe ido a gidan uwarsa. An gama komai. Washegari Fada, limamin cocinmu, zai zo ya yayyafa ruwan albarka, a yanka zakara a kan harsashi, motar kankare ta biyo baya. Zakaran ma yana ɗaure a tsakar gida tun jiya yana damun mu.

"Ina Inna?" in ji shi.

"Tana waje tana yi wa kaji faɗa. Me ya faru?"

"Yi magana a hankali, Fotini."

"A gidan ubana?"

Ya ciro hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a kan tebur. Ɗan kunne ne, ƙwaya ɗaya, an yi shi da siffar ƙaramin kwale-kwale. An jera masa ƙwayoyin zinare layi bayan layi, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba, sai wasu 'yan tuluna suna reto a ƙasa da siririyar sarƙa. Ya ɗauraye shi a famfon gona, amma jar ƙasa tana nan maƙale tsakanin ƙwayoyin. Na kasa ɗauke ido daga kansa.

"Katafila ce ta tumɓuke ɓauren nan na gona," ya ce. "A cikin saiwa yake."

"Wa ya gani?"

"Direban. Na ce masa marfin kwalba ne."

"Ya yarda?"

"Dariya ya yi."

"Sai wa?"

Ya shafa ƙeya. "Kawu Sotiris yana kan katangarsa."

Na ja kujera na zauna. Kawu Sotiris ba kawunmu ba ne, girmamawa ce kawai, kuma bai cancance ta ba. Maƙwabcin gonar ne. Tun Baba na da rai ake rigima da shi a kan layin itatuwan zaitun da ke kan iyaka, kuma tun da aka fara awon ginin yake cewa bene zai tare masa iskar teku, tekun da ko ya hau tsani ba ya hango shi. Mutum ne da wayarsa ba ta huce masa a hannu.

Na sake kallon ɗan kunnen, na juya shi da farce. "Yaya, wannan ai kamar aikin Baba ne."

Mahaifinmu Anestis maƙerin zinare ne. A zamaninsa, lokacin da mata 'yan yawon buɗe ido ke sauka daga jirgin ruwa suna neman abin wuya irin na matan da, shi ne yake yi wa manyan shagunan Atina, babban birninmu, aiki. Yakan shiga motar safe ya tafi gidan tarihi, ya manna goshi a jikin gilashi yana kallon zinaren kaburbura har masu gadi su fara zarginsa, ya dawo ya shige shagonsa da ke ƙarƙashin gidan nan. A can ya koya wa kansa yadda ake ɗora ƙwayar zinare a kan zinare ta kama ba tare da ta narke ba. Mutum ne mai hannu, amma ba mai fara'a ba.

"Aikin Baba ne yake kama da wannan, ke dai," in ji Lambros. "A wurin su wa ya kwaikwaya? Juya shi da kyau. Ina hatimi?"

Nan ya kama ni. Ba abin da ya taɓa fita daga hannun Baba ba tare da hatimi ba, lambar kyan zinaren da alamar shagonsa. Doka ce, kuma abin alfaharinsa ne. Ko zoben jariri ne sai ya buga. Na ɗauko gilashin da Baba ke duba aiki da shi daga aljihun tebur, na bi ɗan kunnen ciki da waje, na bi maƙalin, na bi gindin kowane tulu. Babu ko ɗigo.

"To kin gani. Na mutanen da ne. Inda aka sami ɗaya kuma akwai kabari a kusa, su ma sun san haka."

"Mu nuna wa Inna."

"Inna? Wadda ta tare mai kifi ta gaya masa abin da likita ya ce a kan basir ɗina? Kafin rana ta faɗi har Fada ya ji."

Gaskiya ya faɗa. Inna Garifaliya ta haura tamanin, hankalinta yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Wata rana ta lissafo maka sunan duk wanda ya zo bikinta, wata rana ta kira ni da sunan yayarta da ta mutu tun ban zo duniya ba. Ni nake wankanta, ni nake ciyar da ita, shi Lambros sai dai ya shigo ya sumbaci goshinta ya karɓi albarka ya fita. Kuma me Inna ta sani game da zinare? Matar maƙeri ce da ba a taɓa ganin ko waya a kunnenta ba, har matan coci suna yi mata ba'a da haka. Abin da take da shi kawai wani ƙullin tsumma ne da take sokewa a cikin rigarta. Mun ɗauka laya ce daga wani gidan sufaye. Ko wanka zan yi mata sai ta damƙe shi a hannu.

Shi kuma ɓauren, da gangan muka ɓoye mata za a cire shi. Tun muna yara, duk zuwa gona, in kowa yana kaɗe zaitun ita tana durƙushe a gindin ɓauren tana cire ciyawa da yatsa, tana barbaza ƙasa. Ba wurin da ya kai shi tsabta a gonar. Da aka fara maganar gini ta ce a yi ko'ina amma kada a taɓa shi, ba ta gama da shi ba. Muka ce to, Inna.

"Me za ka yi?" na tambaye shi.

"Wutar Baba tana nan a ƙasa. In narka shi, ya koma ɗan dunƙule. Wa zai ce ga abin da yake a da?"

"Ka haukace? In ka kai musu, fili kawai za su rufe. In aka kama ka ka lalata kayan tarihi, kai za su rufe."

"Fili kawai," ya maimaita, yana kallona kamar na zage shi. "Je ki gaya wa Zisis fili kawai. Je ki gaya wa Lemoniya ta haihu a bayan kabad ɗin uwar mijinta."

"To ka kai wa wani maƙeri a gari ya duba."

"Wanda na nuna wa, na gaya wa duniya."

Muka yi ta yi, murya ƙasa-ƙasa, kamar ɓarayi biyu suna rabon kaya. Ni abin da ya tsaya mini a rai ba doka ba ce. Na girma ina ganin yadda ake ɗora ƙwayar nan ɗaya bayan ɗaya da bakin buroshi, mutum ya riƙe numfashi har fuskarsa ta yi ja. Ko wane ne ya yi wannan, ko yaushe ya rayu, ya zuba idonsa a ciki. A ce ɗan maƙeri ne zai sa masa wuta, abin ya yi mini ciwo, kuma na gaya masa. A ƙarshe na sa ya rantse da kabarin Baba ba zai taɓa shi ba sai an zuba kankare, sannan mu zauna mu yi tunani. Ya rantse yana kallon taga. Na san rantsuwar Lambros, don haka na cire mabuɗin shago daga ƙusa na jefa a aljihun rigata.

Da yamma Lemoniya ta zo, tana tafiya tana dafe da ƙugu, ta kawo yadin labule kala biyu wai in zaɓa mata na kicin. Ta zauna tana zana mana da yatsa a kan tebur inda gadon jariri zai zauna, daidai wurin da hankicin ya kwanta ɗazu. Ubanta yana ta cewa eh, eh, bai ɗaga kai ba. Ba ta daɗe da fita ba sai ga Kawu Sotiris a bakin ƙofar gida, hannu a baya, yana murmushin da na tsana tun ina yarinya.

"Sannunku da aiki, masu gini. An ce ƙasarku ta fara haihuwa."

"Duwatsu take haifa, Kawu," in ji Lambros. "In kana so in aiko maka."

"Duwatsu masu walƙiya? To Allah ya raya." Ya leƙa ya kalli zakaran. "Wannan kuwa ku ba shi hatsi da kyau, ina ga zai yi tsawon rai."

Ya wuce yana fito. Lambros ya bi shi da ido har ya sha kwana, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na taɓa aljihuna na ji mabuɗin yana nan.

Da safe, ina sauko da Inna daga ɗaki, hancina ya ɗauko wani wari da na rabu da shi tun rasuwar Baba, warin iskar gas da ƙonannen kaskon narka zinare. Na sake taɓa aljihu. Mabuɗi yana nan. Sai na tuna tagar shagon ta baya, wadda sakatarta ta lalace tun muna yara, ta inda muke shiga satar kallon aikin Baba. Lambros yana zaune a kicin da fararen kaya na tarbar Fada, ya naɗe babban yatsansa da filasta.

"Me ya sami hannunka?"

"Zakara ne ya sare ni."

"Yaya, ina abin nan?"

"Yana inda na ajiye shi."

"Nuna mini."

"Ki bar ni in sha gahawata, Fotini."

Na ce a raina ƙila kunna wutar kawai ya yi, ya ga abin ya fasa, don ko shi yana da zuciya. Na zaunar da Inna a kujerarta ta bakin murhu, na juya zan sauka shago in gani da idona, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofa. Ba motar Fada ba ce, tasa tana tari kafin ta mutu.

Mace ce ta shigo, ba ta wuce arba'in ba, takalminta duk jar ƙasar gonarmu. Ta ce sunanta Dafni, daga ofishin kayan tarihi. Ta riga ta biya ta filin, ta ce wa motar kankare ta jira, ta ce wa Fada ya yi haƙuri. Ta zo gida ne saboda filin da sunan Inna yake. Ba ta da zafi, fuskarta ta mutumin da ya gaji da a tsane shi a kowane ƙauye. Na yi abin da ake yi wa baƙo, na kawo gahawa da ruwan sanyi da ɓawon lemo dafaffe da sukari a cokali.

"Malam Lambros," ta ce, "an ce jiya an ga wani abu a ramin."

"Marfin kwalba ne, ranki ya daɗe."

"Mutum biyu sun ce zinare ne."

"Ɗaya maƙiyina ne, ɗaya kuma da giya yake karya kumallo."

Ta kurɓi gahawa, ta ajiye kofin a hankali. "Bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka ce ban faɗa ba. In ka kawo mini shi yanzu, zan rubuta cewa kai ka kawo da kanka. In na fita daga gidan nan hannu wofi, gobe ba ni zan zo ba, kuma waɗanda za su zo ba sa zama shan gahawa. Direban ya nuna mini wurin, daidai inda aka cire ɓaure."

"Wane ɓaure?"

Inna ce. Mun manta da ita a bakin murhu. Ta miƙe zaune, idonta tar, irin na ranakun da hankalin ya dawo gida.

"Ba komai, Inna," na ce, na nufe ta. "Zo mu je ki ba kaji hatsi."

"Sake ni. Wa ya taɓa ɓaurena?" Ta juya ga baƙuwar. "'Yar nan, ke ce kika ce zinare? A gindin ɓaure?"

"Haka aka ce, Inna," in ji Dafni.

Inna ta ɗora hannu biyu a ƙirji. Ta yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinta ba, ta yarinya. "Na gaya masa. Na gaya wa Anestis a nan ya faɗi."

Lambros ya ajiye kofinsa. Ni kuma na tsaya cak a tsakiyar kicin.

"Ranar Ista ce," Inna ta ci gaba, da baƙuwar take magana ba da mu ba, "Istar farko bayan aurenmu. Ya yi mini 'yan kunne a ɓoye, duk tsawon azumi yana shago, ya ba ni da safe bayan coci. Muka tafi gona gasa rago. Na ce in cire, ya ce a'a, ya yi su ne don a gani. Muka yi rawa a ƙarƙashin ɓauren har ƙafata ta kumbura. Da muka dawo gida na taɓa kunne, ɗaya babu." Ta girgiza kai. "A satin ne ƙanena Pandelis ya shiga jirgin Ostireliya, ba wanda ya san inda ya sami guzuri. Sai Anestis ya ce ni na ba shi ya sayar. Na rantse a gaban hoton Uwa Maryamu, ya ce rantsuwar 'yan gidanmu ya san ta. Ya ce matar da ba ta iya riƙe ɗan kunne ba, kunnenta ya huta. Bai sake yi mini ko allura ba har ya mutu. Bai kuma sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Amma na san yana nan."

Ta sa hannu cikin riga ta ciro ƙullin tsumman. Yatsunta sun kasa kwance shi, sai Dafni ta durƙusa a gabanta ta taimaka mata. Da tsumman ya buɗe, sai ga kwale-kwalen, da ƙwayoyinsa, da 'yan tulunansa, babu ko ƙura. Duk shekarun nan ina wanke matar nan, ina jin taurin abin a tafin hannunta, ban taɓa tambaya ba.

"Ba hatimi a jiki," in ji Dafni, tana juya shi a gaban taga da gilashinta.

"Ni ma na tambaye shi," in ji Inna. "Ya ce hatimi na masu saye ne, ke kuwa ba saya kika yi ba."

Dafni ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, fuskarta ta saki. "Kai, mutumin nan ya iya. A cikin ƙasa na gan shi, ni ma sai gabana ya faɗi. Amma dubi wayar maƙalin, sumul take, da ƙarfe aka ja ta. Mutanen da murɗa tasu suke yi, ana ganin sawun. Wannan aikin zamanin iyayenmu ne, ba shakka." Ta juya ga Lambros tana murmushi. "Malam, in ɗan'uwan wannan ka tono, ba ka da laifin komai sai na tsorata kanka. Kawo shi in haɗa su a nan, in ɗauki hoto, in sa hannu. Kafin rana ta take motarka ta zuba kankare."

Daɗi ya kama ni har na manta da warin safe, na manta da filasta. "Yaya, ka ji? Tashi ka ɗauko shi."

Bai motsa ba.

"Yaya."

Yana kallon ɗan kunnen da ke hannun matar. Fuskarsa ta koma kalar toka. A nan warin ya dawo mini hanci.

"Lambros," na ce, ban taɓa kiran sunansa gatsau a gaban baƙo ba sai ranar. "Ka rantse da kabarin Baba."

Ya sa hannun nan mai filasta a aljihun wando, ya daɗe a ciki, sannan ya ciro ya ajiye abin a kan farantin lemo. Ya yi ɗan ƙara, ya gangara ya tsaya a jikin cokali. Dunƙulen zinare ne, bai kai ƙwayar wake ba, gefe ɗaya da baƙin kasko.

A waje zakaran ya yi cara, kamar an aike shi.

Dafni ta zauna a kujera. Murmushin ya tafi, gajiyar ta dawo. "Me ya sa?" ta ce a hankali. "Kallo ɗaya ya ishe ni."

"Kin ji labarin da kunnenki," in ji Lambros. "Kin ga ɗayan. Iri ɗaya ne, na rantse, har tulunan. Fotini ta gani."

"Na gani," na ce. "Shi ne."

"Na ji, kuma na yarda da ku. Amma wanda zai karanta abin da na rubuta bai zauna a kicin ɗin nan ba. Abin da zai gani shi ne an tono zinare, mai fili ya musa, ya kwana ya narka shi, sannan iyalinsa suka ce na uwarsu ne. Ba zan iya sa hannu cewa wannan dunƙulen ɗan'uwan wancan ne ba. Ba wanda zai iya."

"To sai yaya?"

"Sai an haƙa an duba ko akwai kabari. Aiki ya tsaya daga yau. Maganar narkawar kuma ta fi ƙarfina, sama za ta tafi. Zan rubuta duk abin da Inna ta faɗa, ƙila ya sassauta."

"Yaushe za a haƙa?"

Ta kawar da kai. "Akwai filaye da yawa a gabanku."

Na so in ɗauki farantin in kwaɗa masa. Na so in ce na gaya maka, in faɗa da ƙarfi har Kawu Sotiris ya ji daga katangarsa. Amma na kalli yayana, babban mutum mai furfura cikin fararen kayan tarbar Fada, ya dafe kai da hannu biyu, sai tausayinsa ya kama ni tare da haushin. Na tuna yadin labulen da Lemoniya ta bari a kan kujera, ban san wa zai gaya mata ba.

Inna ba ta bi zancen ba. Tun ɗazu tana zaune tana murza fatar kunnenta, tana neman hujin da ya toshe tun kafin a haife mu. Ta karɓi nata daga hannun Dafni, ta miƙo ɗaya tafin a buɗe.

"To ina yake? Ba ni in sa su duka biyu. Fotini, ki ɗauko mini baƙar rigata, yau za ki kai ni maƙabarta. Ina so babanku ya gani da idonsa."

Lambros ya tashi kamar wanda aka ɗora wa buhu, ya ɗauki dunƙulen, ya durƙusa a gabanta ya sa mata a tafi.

"Ga shi, Inna."

Ta kawo shi kusa da ido, ta juya shi da yatsa, ta kalli nata, ta sake kallonsa. Sannan ta mayar masa, ta naɗe yatsunsa a kai, kamar yadda take yi mana in mun kawo mata tsakuwa muna yara.

"Wannan ba nawa ba ne, ɗana. Nawa aikin babanku ne, da ka gan shi za ka gane." Ta fara ƙulle tsummanta. "Ba komai. Tun da kun ɗaga ɓauren, yanzu zai yi sauƙin samu. Gobe ka kai ni gonar mu duba tare, idonka ya fi nawa."

Lambros yana durƙushe, bai ɗago ba.

"Ka ji ko?"

"Na ji, Inna," ya ce. "Zan kai ki."